Inda Hannu Ke Shiga

Saura kwana tara.
Na rubuta da gawayi a bangon ɗaki, Inna ta goge,
na mayar da shi tafin hannu.

A Aboabo dare ba ya rufe baki.
Janareton mai aski yana tari,
yaron mota yana ta kiran Kejetiya, Kejetiya,
ni kuwa ina tsugune gaban layi biyar
da fitilar waya, an ɗauke wuta tun magariba.

Layi biyar, kamar igiyoyin shanya na tsakar gidanmu,
sai dai ba zannuwa aka rataya ba, ludaya ne.
Farin ludayi ya ɗebi bugu biyu,
baƙi ya ɗebi ɗaya,
mai jela rabi kawai ya samu,
ga wani ƙwai can, ba mariƙi, shi kaɗai ya cinye huɗu.
Mista Boakye ya ce sunayensu na Turanci za a tambaya.
Na haɗiye su ɗaya ɗaya, kamar ƙwayar zazzaɓi, ba ruwa.

Jerin haruffan nan bakwai ya ƙi zama a kaina
sai da na ɗaura masa zance:
Fati, Ci Gyaɗa Da Alewa, E, Bismilla.
Ƙanwata Fati ta ji sunanta cikin barci,
ta miƙo hannu.

Jiya Kawu Ɗanjuma ya leƙo, gogensa a kafaɗa,
shekara talatin yana tayar da mata tsaye a gidajen suna
daga Asawase har Tafo.
Ya ɗauki takardata, ya riƙe ta a kife.
"Hamdiya, wannan ce waƙar? To ina bakinta?"
Na ce ja mini ɗaya in rubuta maka.
Ya ja.
Na kamo uku, na kamo biyar,
sai ya latsa wata murya da ɗan yatsansa,
ta zame tsakanin layi da layi,
ba ta da ɗaki a gidan.
Na bar mata fili, na ɗiga ɗigo da fensir.
Ya yi dariya har hularsa ta karkace.

Amma ba wannan ya kayar da ni a gwajin makon jiya ba.
Shiru ne.
Ƴan alamun nan da ke cewa dakata,
ni sai in tsallake su kamar kwata.
Jan biro ya zagaye su duka, a ƙasa an rubuta:
shi ma a ƙirga shi.
Ta yaya ake ƙirga abin da babu?

Yau Lahadi, Maame Serwaa ta dawo daga coci,
ta kwance ɗankwali, ta zauna gaban turmi.
Kwadwo na tsaye da taɓarya, ta fi shi tsawo.
Dum.
Hannunta ya shiga, ya juya fufu, ya fita.
Dum.
Ya taɓa ruwa, ya shiga, ya fita.
Ba ta ko kallo, hira take da Inna kan tsadar gawayi.
Na tsaya da bokiti a hannu ina ƙirgawa:
ɗaya na taɓarya, biyu nata,
ɗaya na taɓarya, biyu nata.
Da Kwadwo zai ci bashin rabin bugu daga wannan shirun,
da yatsu huɗu sun tafi asibiti.

Na ajiye bokitin a nan, famfo na zuba,
na koma ɗaki da gudu.
Inna tana kira, ruwa, Hamdiya, ruwa!

Saura kwana takwas gobe.
Na fere fensir biyu, na ari rula wurin Mubarik.
Ɗigon Kawu yana nan a shafi na sha ɗaya,
ban goge ba.
An kawo wuta. Unguwa ta ɗauki ihu.
Na jira bugu biyu cur,
sannan na taya su.